Wa Ya Cancanci Gadon James Bond?

Ian Fleming, marubucin Ingila da ya ƙirƙiro ɗan leƙen asirin nan James Bond a 1953, ya rasu a 1964, amma gwarzon nasa bai bi shi kabari ba. Masu haƙƙin mallakar littattafansa sun ci gaba da ba wasu marubuta aikin. Kingsley Amis ya fitar da Colonel Sun a 1968, John Gardner ya karɓa a 1981, sannan Raymond Benson ya gaje shi.

A nan kan masu karatu ya rabu. Wasu sun ce zamani riga ne, shi ya sa suka yi maraba da Jeffery Deaver, wanda a 2011 ya damƙa wa Bond wayar salula. Wasu kuwa na ganin Yaƙin Cacar Baka ne ya haifi Bond, in aka raba su sai suna kawai ya rage.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi, muddin ba kwaikwayo tsagwaro ake nufi ba. Dubi Solo na William Boyd, wanda ya fito a 2013. Boyd, haifaffen Ghana da ya yi ƙuruciya a Nijeriya, ya bar Bond a 1969, amma ya jefa shi cikin yaƙin basasar Zanzarim, ƙagaggiyar ƙasa a Afirka ta Yamma mai kama da tamu. Ya riƙe amanar Fleming, ya kuma ƙara abin da shi ya sani. Magajin ƙwarai ke nan.