Uwargida, Kada Ki Raina Kumburin Gwiwar Yaronki

Sau nawa yaro ya dawo daga makaranta ko daga ƙwallo yana ɗingishi, kika ce targaɗe ne, aka shafa man zafi aka kwanta? Yawanci targaɗen ne kuwa, cikin mako ɗaya ko biyu ya warke. Amma akwai ciwon da ba ya tafiya, shi ne abin da muke son ki sa wa ido.

Akwai ciwon daji da ke tsirowa a cikin ƙashi, likitoci na kiransa ostiyosakoma. Ya fi kama yara daga shekara 10 zuwa 20, lokacin da suke miƙewa da sauri, kuma ya fi fitowa a kusa da gwiwa, sai kuma kafaɗa. Yakan fara da ciwo mai nuƙurƙusa wanda ke tsananta da dare har ya hana barci. Daga nan sai kumburi mai tauri ya bayyana yana ƙara girma, wani lokaci ƙashin ya karye ba tare da wata faɗuwar kirki ba.

A garuruwanmu na Birnin Kudu da Gwaram, al'adarmu ita ce a garzaya wajen mai ɗori. Masu ɗori na da ranarsu, amma ƙari ba karaya ba ce. Matsa da gashi da tsaga ba sa narkar da shi, sai dai su cinye watannin da ya kamata a yi magani. Idan aka yi jinkiri, cutar kan bi jini ta sauka a huhu, a nan ne aiki ke yin wuya.

Kada kuma hankalinki ya tashi, don ba kowane kumburi ne daji ba. Akwai ƙari mara illa, akwai kuma ƙwayoyin cuta da ke shiga ɓargo su kawo zazzaɓi da mugunya, musamman ga masu sikila. Hoton ƙashi da gwajin ɗan abin da aka ciro daga kumburin su ne ke rarrabewa.

Saboda haka idan ciwon ƙashi ya wuce mako biyu, ko ya zo da kumburi, ki zauna da maigida ku kai yaron Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Idan da buƙata, za a tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959.

Mun san tsoron yanke ƙafa ne ke hana iyaye da yawa zuwa asibiti. To ki sani, zuwa da wuri shi ne ke ba likita damar ceto ƙafar da magani da tiyata. In kuwa yankewar ce kaɗai mafita, ran yaronki ya fi ƙafa ɗaya. Neman magani umarni ne na addini, ba ya kore tawakkali. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.