Baba Injiniya da injinan Kucheri

Kucheri gari ne na bakin titi, a kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa 'Yankara ta nufi Tsafe da Gusau. Matafiyi dai masu sayar da kayan tande-tande yake gani ya wuce, alhali harkar garin tana can ciki: rumfar injin niƙa inda yara ke jera kwanukan dawa da masara tun da hantsi, bakin famfon tuƙa-tuƙa, da janaretan mai cajin waya. Ranar da injin niƙa ya tsaya, mata sai su koma ga turmi, tuwon dare ya kai bayan isha'i, maigida ya yi ta ƙorafi. Shi ya sa a irin wannan gari ake sanin mai gyaran inji fiye da yadda ake sanin kansila.

Dattijon da masu injinan wannan yanki ke kira Baba Injiniya ya rasu bayan ya haura shekara tamanin. Ba haifaffen Kucheri ba ne, kuma Kirista ne a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne. Duk da haka shekaru da dama hannunsa na cikin tuwon garin.

Yana cikin mutanen da aikin ƙarfe ya kawo ƙasar Zamfara. Jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a 1927, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Gusau ta zama matattarar auduga da gyaɗa. Gidajen gurzar auduga suka biyo baya, daga bisani masaƙar Gusau da ma'aikatar ruwa. Duk waɗannan suna buƙatar wanda ya san ƙarfe, kuma da yawa daga cikin masu wannan sani daga kudancin Zariya da Filato da ƙasar Yarabawa da ta Ibo suka zo, suka sauka a Sabon Gari, suka gina majami'u, 'ya'yansu suka tashi da Hausar Zamfara a baki. Shi ma a irin waɗannan ma'aikatu ya ƙare ƙuruciyarsa. Da masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, abokan aikinsa da dama suka tattara suka koma gida. Shi kuwa ya zauna a Tsafe, ya ɗaura akwatin sufanu a bayan babur, ya shiga ƙauyuka.

Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa, yawancinsu 'ya'yan Musulmin yankin, abu ɗaya suka fi ambata: ba ya taɓa inji sai ya saurare shi. Zai sa a tayar da tsohon injin Lister, ya tsaya shiru, ya dubi launin hayaƙi, ya murza baƙin mai tsakanin yatsu. Shuɗin hayaƙi na nufin inji yana cin mai, zoben fistin ya gaji. Baƙi kuma gas ne ba ya ƙonewa yadda ya kamata. Yaron da ya yi gaggawar cewa a sayo sabon ƙarfe sai ya sha faɗa, domin a wurinsa mai inji talaka ne, kuɗin niƙa kwano-kwano yake tarawa, kuma bakaniken da bai san komai ba sai canji ɗan kasuwa ne kawai. Famfon tuƙa-tuƙa da ya daina kawo ruwa, sau da yawa robar can ƙasa ce ta cinye, sai ya tara samari su zaro bututu ɗaya bayan ɗaya, a canza ta, a mayar. Gyaran da bai taka kara ya karya ba, amma rashinsa kan sa unguwa ta koma shan ruwan tafki.

Lahadi ce kaɗai ba a samunsa. Kowa ya san haka, kamar yadda shi ma ya san da an yi kiran sallar Juma'a yaransa za su wanke hannu su tafi, ba sai sun nemi izini ba. A majami'arsu, inda da Hausa ake sujada, dattijon ikilisiya ne, kuma shi ne mai janareta da lasifika da kwanon rufin da ke yoyo. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, shi yake karanta wa iyalinsa da asuba kafin ya fita. Maiɗakinsa 'yar Zumuntar Mata ce, ita ke riƙe da littafin bashi, don shi ba ya iya bin mutum kuɗi (kuma masu injinan Kucheri sun san da wannan rauni nasa sarai). Da fansho mai zuwa a makare da kuɗin gyara suka kai 'ya'yansu makaranta, har da na dangi da aka aiko musu riƙo.

Da aka ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, da kuma lokacin da aka fara aiki da shari'a a farkon 2000, wasu sun ba shi shawarar ya tashi. Bai tashi ba. Abin da ya raba shi da ƙauyuka shi ne abin da ya raba manomi da gonarsa: 'yan bindigar daji. Hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ta zama wadda ake shiga da addu'a. A Satumbar 2021 gwamnati ta katse layukan waya a jihar, ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka. An yi haka ne don a matse ɓarayi, amma injin niƙa ma da jarka ake kai masa mai, kuma wanda injinsa ya lalace ba shi da hanyar kiran mai gyara. A irin wannan yanayi 'ya'yansa suka matsa, suka mayar da shi Gusau. A ganina wannan ce asarar da ba a lissafawa idan ana ƙidayar ɓarnar daji: masu sana'ar hannu da suka janye daga karkara ba tare da an sace su ko an harbe su ba.

Ranar jana'izarsa mutanen Kucheri sun cika mota sun je. Ba su shiga majami'a ba, sun zauna a ƙarƙashin rumfa a waje har aka fito, suka bi layi suna ce wa matarsa, "Mama, Allah ya ba da haƙuri," tana amsawa tana tambayar kowa lafiyar iyalinsa. Wasu sun zo da buhun masara, wasu da tsohon bashin da ita kaɗai ta san adadinsa.

Yanzu yaransa ne ke riƙe da aikin, sai dai aikin ya sauya. Injinan China masu arha sun maye gurbin Lister, ba a yi su don a riƙa kwancewa ana ɗaurawa shekara da shekaru ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mai hali ya koma sola, kuma famfon da ke aiki da hasken rana idan na'urarsa ta ƙone ba kunne ke gano ciwon ba. Sai an kira mai gyara daga Gusau ko Funtuwa, shi kuma kafin ya faɗi kuɗin aiki sai ya fara tambaya ko hanya lafiya.