Yaro Mai Kyanwa da Dokar Illinois

A shekarar 1993, a garin Aurora da ke jihar Illinois ta Amurka, wata uwa mai 'ya'ya uku ta rasa muhallinta. Tana cikin jinyar wannan ciwo sai hukumar makarantun yankin ta ce yaran ba su da gurbi a makarantarsu, tunda ba su da adireshi a cikin gundumar. Gida ya tafi, ga aji ma zai bi bayansa.

A can, adireshi ne ke ba yaro kujera a makarantar gwamnati. Tun 1987 akwai dokar tarayya ta McKinney kan marasa matsuguni, amma a lokacin ba ta da haƙoran da za su hana a rufe wa yaro ƙofa.

Diane Nilan, wadda a lokacin ke kula da gidan kwanan marasa galihu na Hesed House, ta ce ba za ta saɓu ba. Ita da abokan aikinta suka nufi majalisar jiha a Springfield neman a yi doka, riƙe da wani hoto: ɗan ƙaramin yaro marar gida, ya rungume kyanwa a ƙirjinsa. Sunansa Charlie. Da shi aka riƙa kiran ƙudurin, kuma a 1994 ya zama doka.

Abin da dokar ta tanada ya fi komai taɓa min zuciya, don ka san wanda ya rubuta ta ya zauna da masu abin. Yaro na da damar ci gaba da zuwa tsohuwar makarantarsa ko da iyayensa sun koma kwana a mota ko a falon dangi. In sabuwa ya zaɓa, a ɗauke shi nan take, ba sai ya kawo takardar haihuwa ko katin rigakafi ba. Wanda aka watsa wa kaya waje ina zai tuna da takardu? Kuma in iyaye suka gaza, hukuma ce za ta nemo masa motar zuwa.

'Yar majalisa Judy Biggert ta ɗauki waɗannan tanade-tanade zuwa Washington, suka shiga dokar tarayya da aka sa wa hannu a 2002. Yau ɗalibai fiye da miliyan ɗaya ke ƙarƙashin inuwarta duk shekara.

Ita kuwa Nilan, a 2005 ta sayar da gidanta, ta koma zama a cikin mota, tana zagaya ƙasar tana ɗaukar muryoyin irin waɗannan yara a bidiyo.