Ina Nauyin Icen Ya Tafi?

A Zakirai da ƙauyukan Gabasawa, da an gama girbin dawa sai kara ya zama makamashi. Uwargida takan iza dami guda a murhu, da safe ta kwashe tokar da ba ta cika ƙwarya ba, a tara ta a juji har a kai gona. To, ina sauran nauyin ya tafi?

Wani masani Bafaranshe, Antoine Lavoisier, ya amsa wannan a littafinsa na 1789. Matarsa Marie-Anne ce ke rubuta masa abin da suka auna, ita ce kuma ta zana hotunan littafin. Sukan ƙona abu cikin kwalba rufaffiya, su auna kafin da bayan, sai su tarar nauyin bai ragu ba, bai ƙaru ba. Watau wuta ba ta ɓatar da kome, sāke masa kama kawai take yi. Karan nan ya haɗu da oksijin na cikin iska, ya zama tururi da wata iska da ido ba ya gani.

Ga inda hatsarin yake. In sanyi ya matsa, waɗansu kan shigar da kaskon gawayi ɗaki, su toshe ƙofa da taga. Gawayin da bai sami isasshiyar iska ba yakan fid da guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tun da ba abin da ke ɓacewa, tana nan cikin ɗakin tana taruwa. Da fari ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, daga nan sai barcin da ba a tashi. Ba aikin iskoki ba ne, iska ce dai. A fid da kaskon kafin a kwanta. In an ga alamun nan, a fito da mutum fili, a kai shi asibiti.

Iska kuma tana da wani hali: zafi na buɗa ta, kamar yadda Jacques Charles ya lura wajen 1787. Kun sha gani a tanda. Yis ya cika ƙullun masa da ƙananan kumfa, da zafi ya taɓa su sai su buɗe, masa ta tashi. Amma in iska na kulle ba ta da wurin buɗewa, sai ta yi ta tura bangon abin da ta ke ciki da ƙarfi.

Haka tukunyar gas take. An matse gas ɗin ne har ya zama ruwa, shi ya sa ba a cika ta fal, akan bar wajen kashi 20 cikin 100 don ya sami wurin buɗewa. A bazara kuwa zafin ƙasar Kano yakan wuce digiri 40. Kada a bar tukunya a rana ko kusa da murhu. In an ji warin gas, a rufe kanta, a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana.

'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Allah ya kiyaye mu, amin.