Kaya nawa mai sayarwa ta intanet yake buƙata kafin ya haɗa albashin wata a Kano?

Matashin da ya buɗe shafin sayar da kaya a Instagram ko WhatsApp yakan fara ne da tambayar jari: nawa zai zuba kafin ribar ta ishe shi ci da sha? Amsar tana rataye ne a kan abubuwa uku: ribar da ke saura a kan kowane kaya bayan an cire ɗawainiya, yawan abin da ake iya sayarwa a wata, da kuma saurin da kuɗi ke fita ya dawo. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma a nan ne masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai suke shigowa cikin lissafin.

A ɗauki mafi ƙarancin albashi a matsayin ma'auni. Dokar tarayya ta 2024 ta tsayar da shi a naira 70,000, gwamnatin Kano kuma ta amince da 71,000. Misali, a ƙaddara mai sayar da silifas ɗin roba yana saro ƙafa ɗaya a kan naira 1,500, ya sayar 2,300. A ido ribar 800 ce. Amma idan aka cire data, talla, leda da kuɗin ɗan sahun da ya ɗauko kayan, a ce 300, abin da ya rage 500 ne. Kafin ya haɗa 71,000, sai ya sayar da ƙafa 142 a wata, wato kusan biyar a kowace rana.

Idan zai saro ƙafa 142 ɗin a tashi ɗaya, yana buƙatar naira 213,000. Idan kuwa yana iya komawa sari kowane mako, ƙafa 36 sun wadatar, wato naira 54,000. Cinikin ɗaya ne, ribar ɗaya ce, amma jarin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ke jiran kwantena daga Sin ko mota daga Legas dole ya tara kayan makonni a ɗaki. Wanda kayansa ake ƙerawa a cikin gari ɗaya da shi yana iya barin ma'ajiyar dila ta riƙe masa kaya har sai oda ta shigo.

Wannan ita ce gatan Kano. Bompai, wadda ta fi daɗewa cikin rukunan uku, da Sharaɗa mai kashi uku, da Challawa da ta shahara da kamfanonin jima, suna fitar da kayan roba, tabarmi, takalma, sabulu, alawa da fatu. Sai dai kamfani ba ya sayar wa mai dozin biyu. Manyan diloli ne ke kwasa da yawa, su kai Ƙofar Wambai, Singa ko Sabon Gari, inda ƙaramin mai sari yake saya bayan an ɗora riba. Saboda haka kusanci da masana'anta yana ba shi sauri, ba lallai ya ba shi araha ba.

Akwai kuma abin da lissafin takarda ba ya nunawa, wato kwantai. Takalmi yana da lamba da launi, kuma mai saye a waya yakan juya baya idan babu nasa. Dole a ajiye iri-iri, wasu kuma ba za su fita ba. Idan ƙafa ɗaya cikin goma ta kwanta, sai an saro kusan 158 kafin a sayar da 142. Ƙafa 16 ɗin da suka rage sun danne naira 24,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin da ake nema.

Barazana ta biyu ita ce tashin farashi tsakanin sari da sari. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, alhali injuna, kayan gyaransu da sinadarai da dama daga waje ake shigo da su. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane kilowat-awa. Zuwa Disambar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mai sayarwar da ya lissafa ribarsa da tsohon farashi zai koma kasuwa ya tarar kuɗinsa ba sa sayen abin da suka saya a baya. Yana ganin riba yake ci, alhali uwar kuɗi yake gutsira. Shi ya sa gogaggun 'yan kasuwa ke sa farashi bisa abin da za su biya a sari na gaba.

Da wannan ma'auni ne ya kamata a auna shirye-shiryen tallafin matasa. TraderMoni ya raba bashin naira 10,000 a 2018, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta raba tallafin naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i. A misalin da ya gabata, 50,000 tana sayen ƙafa 33. Idan ta juya sau huɗu a wata, ribar ta kai 66,000. Idan sau ɗaya ta juya, 16,500 ce kawai.

Bambancin da ke tsakanin adadin biyu bai tsaya a kan ƙwazon matashi kaɗai ba. Ya danganta da ko injuna suna aiki a Sharaɗa a wannan makon, da ko farashin yau zai kai Juma'a. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, yana cikin abubuwan da masu masana'antu suka ɗora wa fata domin rage tsadar makamashi. Matashin da ke son sanin makomar ɗan jarinsa yana da dalilin bibiyar irin waɗannan ayyuka, kamar yadda yake bibiyar masu tambayar farashi a shafinsa.