Riƙon ɗan aminiya amana ce

Wani lokaci aminiyarmu takan tafi biki ko gaisuwar mutuwa, ta bar mana ɗanta kwana biyu. Kafin ta tafi, mu tambaye ta abincinsa da maganin da yake sha, mu karɓi takardarsa ta likita.

Mu rufe rijiya. Mu ajiye kananzir da maganin ƙwari inda hannunsa ba ya kaiwa. Da dare ya kwana cikin sange.

In jikinsa ya yi zafi, kada mu jira dawowar uwarsa. Mu kai shi likita ranar nan, domin masassarar cizon sauro tana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ɗa na kowa ne. Mu mayar da shi lafiya, yadda aka ba mu shi.