Yadda Haske Mai Ratsa Jiki Ke Tsinka Sukari Cikin Ruwa

Akwai wani irin haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa nama da itace. Irinsa ne likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, irinsa ne kuma ke fita daga ma'adinai kamar uraniyom na Arlit da kobal-60. Ƙarfinsa ya kai ya fizge elektoron daga ƙwayar abu. To, in ya sami sukari a narke cikin ruwa, me ke faruwa?

Galibi ba sukarin yake fara bugu ba, ruwan yake bugu, tunda shi ya fi yawa. Kowace ƙwayar ruwa haidirojin biyu ce da oksijin ɗaya. In hasken ya fasa ta, sai a sami wani ɓallin da ake kira OH. Shi fa ba ya zama haka nan: nan take yake fizgar haidirojin ɗaya daga sukarin da ke kusa da shi. Wurin da aka fizga sai ya raunana, daga nan ƙwayar ta rikiɗe ta koma wani abu dabam, kamar asid, ko ta rabu.

Sitacin gero da masara ƙwayoyin gulukos ne a jere kamar dutsen wuya, kuma tsawon jerin shi ke sa kunu kauri. In aka yanka jerin gunduwa-gunduwa, kun ga sai kunun ya tsinke. Shi ya sa masu haska abinci don kashe ƙwari ko hana albasa tsiro suke auna hasken daidai. A 1980 kwamitin masana na hukumomin lafiya, abinci da nukiliya na duniya ya ce haskawa har kilogire 10 ba ta sa abinci guba. Abincin kuma ba ya komawa mai fitar da hasken.

Mu ma abin ya shafe mu. Fiye da rabin jikinmu ruwa ne, kuma DNA, mai ɗauke da gadon halitta, a kan wani sukari take tsaye. In OH ya tsinka shi, ƙwayar halitta ta gyara kanta, ko ta mutu, ko ta lalace. Da haka ake kashe ciwon daji a asibiti. Saboda haka ne kuma mai juna biyu ya kamata ta sanar da likita kafin a yi mata hoto.